Wataƙilar Wilbert

Ɗan kawuna Wilbert bai taɓa duban mutum ya ce masa "a'a" ba, kuma kada wani ya ɗauka yabonsa nake yi. Shekara goma sha ɗaya na yi ina girki a tafiye-tafiyen da yake jagoranta a kogi, shi a kwalekwalen gaba da baƙi, ni a na baya da tukwane da buhun fulawa. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

A sansanin kifin gidansu aka haife shi, can ƙasa da kogi, a watan Yuli, lokacin da farin kifi ke hawowa. Mahaifiyarsa, Inna Effie, takan ce da safe ta haife shi, da yamma ta koma kan teburin yanka, shi kuma yana kwance a akwatin shayi kusa da ƙafarta. Kafin ya iya ɗaure igiyar takalminsa ya iya riƙe filafili. Yana da shekara goma sha tara Kawu ya rasu, ya bar masa kwalekwale da raga da gurbin nan na gaban sansani inda ruwa ke juyawa, wanda tun kakanni a nan muke kafa raga. Baki ne kawai bai bar masa ba, don shi ma Kawun ba shi da shi.

A wurinmu ba a cewa "gobe zan yi kaza." Wa ya ba ka goben? Ba a kuma ce wa mutum "a'a" ƙiri-ƙiri, don kamar ka rufe masa ƙofa ne yana tsaye cikin dusar ƙanƙara. Sai dai a ce "wataƙila." Amma ko yaron goye ya san wataƙila iri-iri ce. In mutum ya faɗe ta yana kallonka, ka shirya, yana tafe. In yana kallon kogi, shi kansa bai sani ba, ruwa da iska ne za su yanke. In kuwa takalminsa yake kallo, to ya ƙi ke nan, sai ka canja zance ka tambaye shi lafiyar karnukansa.

Gordon ne kaɗai mutumin da na sani wanda ya shekara ashirin da biyu yana mu'amala da mu bai gane wannan ba. Bature ne daga birnin Whitehorse, dogo, mai murya kamar kullum da wani yake magana a tsallaken ruwa. Ba mugu ba ne, gara in faɗa tun yanzu. Duk Kirsimeti sai ya aiko wa Inna Effie kwalin lemo. Ya zo garinmu ne yana neman wanda ya san saman kogi, don yana so ya riƙa kai masu yawon buɗe ido su sauko da kwalekwale. Aka nuna masa Wilbert a bakin kanti.

"Za ka raka mu? Ran Litinin za mu tashi," in ji Gordon.

Wilbert ya dubi takalminsa ya ce, "Wataƙila."

Ran Litinin sai ga jirgin sama mai sauka kan ruwa ya tsaya a gaban gari, Gordon na tsaye a kan takalmin jirgin, wato abin da ke riƙe shi a saman ruwa, yana ɗaga hannu yana kiran sunansa, gari duka na kallo. Mutum ya taso musamman dominka, ya ƙona mai, ya tsaya yana murmushi. Ina za ka kai kunyar barinsa a tsaye? Wilbert ya shiga ɗaki ya ɗauko filafilinsa. Daga nan fa shi ke nan. Duk ƙarshen bazara Gordon zai dafa kafaɗarsa ya ce, "Baɗi fa?" Wilbert ya dubi takalmi ya ce, "Wataƙila." Gordon ya koma ya buga hotonsa a takardar talla.

Jirgi kan kai mu wani tafki a saman duwatsu. Daga nan kwana goma sha biyu muke yi a ruwa, babu gida, babu hanya, babu kowa sai sauro, har mu iso wani tsibirin tsakuwa da muke kira Majira. A nan jirgi yake kwashe baƙi, ya kwashe mu, ya ɗaure kwalekwale a takalmansa, ya mayar da mu tafki inda wasu baƙin suke jira. Sau huɗu tsakanin narkewar ƙanƙara da dawowar sanyi. Daga Majira zuwa sansanin Inna Effie yini biyu ne kacal a kwalekwale. Sau huɗu duk shekara Wilbert yake zuwa tazarar yini biyu da uwarsa, a daidai lokacin kifi, a ɗauke shi a mayar baya. Kafin a gama tafiya ta huɗu kifi ya wuce, an naɗe raga, an dawo gari. Shekara ashirin da biyu bai ga hayaƙin rumfar bandar kifinsu ba.

Aikin kam ya iya shi, har abin ya zame masa tarko. Baƙi na komawa ƙasashensu su gaya wa 'yan'uwansu kada su yarda da kowa sai wannan mai shirun. Yakan dubi ruwa daga nesa ya san inda dutse yake kwance a ƙasa. Matsalarsa ɗaya, ba ya iya hana babban mutum abin da ya yi niyya. Na tuna wani likitan haƙori da ya tsaya a kan gaɓa yana kallon wani wuri inda ruwa ke tafasa tsakanin duwatsu biyu, ya ce, "Zan iya bi ta tsakiya, ko?" Wilbert ya ce wa takalminsa, "Wataƙila." Likita ya yi tsalle ya shiga kwalekwale. Sai Wilbert ya zagaya ta gefe ya je ƙasa ya tsaya da igiya a hannu. Hular likita ce ta fara isowa, sai filafili, sai likitan da kansa.

Da yamma na ce masa, "Kai dai, ɗan Kawu, Allah ya yi maka baki don shan shayi kawai. Da ka ce masa kada ya bi, haƙorinka zai zube?"

Ya ce, "Ai na gaya masa."

"Takalminka ka gaya wa."

"To, ke mai baki, gurasarki tana ƙonewa."

Haka muke da shi tun muna yara. Ni ce mai tsiwa a dangi, an sani. Amma tsiwar tawa a cikin gida take ƙarewa, wannan ma zan zo kansa.

A shekarar da nake son ba da labari, Inna Effie ta kai tamanin da huɗu. Farkon watan Yuni, muna shirya kaya a tsakar gidan Wilbert, sai ga ta da sandarta. Ta zauna a kan gangar abinci ta daɗe tana kallonsa yana naɗe igiya. Can ta ce, "Bana ina jin kifi zai yi yawa a gurbin babanka."

Ya ce, "Haka ruwan ya nuna, Inna."

Ta buɗe tafin hannunta ta rufe, ta sake buɗewa. "Hannun nan ya fara ƙin wuƙa. Bara Doris ce ta yi rabin yankan." Doris ƙanwar Wilbert ce, ita take raka ta sansani duk shekara. Sai Inna ta ƙara da cewa, "Akwai wani dutse da babanka yake ɗaure bakin raga. Doris ba ta san shi ba. Ni ma idona ya fara ɓata shi."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta tashi ta tafi. Ba ta ce masa "zo" ba, kuma ba za ta taɓa cewa ba. Amma ni da na ji, sai da na ajiye abin da ke hannuna. Tsohuwa ta tako da sanda ta gaya wa ɗanta wannan ce bazararta ta ƙarshe a sansani, kuma tana so ya zo. Wilbert ya ci gaba da naɗe igiyar da ya riga ya gama naɗewa.

Ya yanke a ransa zai yi tafiya uku, ta huɗu ya bari, daga Majira ya wuce ƙasa. Ni ya gaya wa. Gordon kuwa, da ya tambaye shi a bakin tafki, "Ta huɗu tana nan, ko? Mutum takwas ne daga Jamus, sunanka suka kira," sai Wilbert ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji, ya ce, "Wataƙila."

Gordon ya ce, "Madalla!"

Ina tsaye a wurin da tukunya a hannu. Kalma huɗu ce za ta raba gardama: ba zai zo ba. Ban faɗa ba. Ba a ari bakin babban mutum a yi masa magana yana tsaye, haka aka rene ni, kuma na bi. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina ya fi wanda nake ji na Gordon.

Bayan jirgi ya tashi na tare shi. "Wilbert, mutumin nan bai ji ka ba."

"Ya ji. Ai na sunkuya sosai."

"Shekara ashirin da biyu kana sunkuyawa! Shi a wurinsa wataƙila 'i' ce mai jin kunya. Ka buɗe baki ka ce masa a'a, sau ɗaya, ba za ka mutu ba."

Ya ce, "In ya ga kwalekwalen zai gane."

Tafiya ta uku ta zo ƙarshe a tsakiyar watan Agusta. Muka iso Majira da baƙi shida, sai hayaƙin gobarar daji ya sauko daga gabas ya rufe kwarin. Rana ta koma kamar jan kwano, ko gaɓar tsallake ba a gani. Matuƙin jirgi ya kira ta rediyon oba-oba ya ce ba zai iya sauka ba sai ya washe. Muka kafa tantuna a kan tsakuwa.

Kwana huɗu muka yi a tsibirin nan. Tsawonsa taku ɗari uku ne da 'yan kai, na sani don Wilbert ya auna shi da ƙafa ya fi sau hamsin. Baƙi suka yi karta har ta gundure su, suka koma faɗa a kan wa ya cinye ragowar cakulan. Ni kuma ina ta ja da fulawa, gurasa tana ƙara sirancewa kullum. Wilbert zai taka har ƙarshen tsibiri ta ƙasa, inda tsakuwa ke shiga ruwa, ya tsaya. Ruwan da ke wuce ƙafarsa jibi zai wuce ta gaban uwarsa. Ga kwalekwale, ga filafili, ga hanya a buɗe. Amma jagora ba ya barin baƙi a tsibiri cikin hayaƙi da mai girki kaɗai, ko da mai girkin ta ce masa ya tafi, kuma na ce.

Ƙarfe shida na yamma ake hirar rediyo. Duk sansanonin da ke kogi suna kunnawa, kowa na jin kowa, wanda raga ta yage masa ya faɗa, wanda sukari ya ƙare masa ya faɗa. Rana ta biyu muka ji muryar Doris. Ta ce kifi ya yi yawa, rumfa ta cika. Wata tsohuwa daga wani sansani ta ce, "Ina Effie? Yau ban ji tsiyarta ba."

Doris ta ce, "Tana hutawa."

Kashegari ma ta ce tana hutawa. Ta ƙara da cewa ta sha shayi kaɗan. Matar da ta haihu da safe ta koma yanka da yamma, an ce tana hutawa a tsakiyar kifi. Babu wanda ya ƙara tambaya a rediyon.

Rana ta huɗu da safe Wilbert ya ja ƙaramin kwalekwale zuwa ƙarshen tsibiri ta ƙasa. Ya sa jakarsa, da gatari, da butar shayi, ya ɗaure komai, ya juya hancin kwalekwalen yana kallon ƙasa da kogi, ya ɗora filafili a kai. A wurinmu wannan ihu ne. Ko makaho daga garinmu ya shafa kwalekwalen nan zai san mai shi ya yi sallama.

Wajen hantsi iska ta juya, hayaƙi ya yi sama, muka ji ƙugin jirgi. Da ya tsaya, wanda ya fara fitowa Gordon ne da kansa. Ya diro cikin ruwa har gwiwa, ya rungume Wilbert. Ya ce Jamusawan nan kwana uku ke nan suna zaune a bakin tafki, hayaƙi ya cinye musu kwanaki, ɗayansu har kuka ta yi, kuma babu wani da zai iya ratsa da su matsatsin duwatsu in ba Wilbert ba. Ya ce shi ya sa ya taso da kansa, don ya gode masa ido da ido.

Sai ya hango kwalekwalen.

"Kai, dubi mutumina! Har ka shirya kayanka." Ya tafi da sauri ya kama hancin kwalekwalen, ya juya shi, ya fara jansa a kan tsakuwa zuwa jirgi.

Na dubi Wilbert. Na ga bakinsa ya buɗe. Wallahi na ga harshensa ya motsa. Gordon ya ɗora kwalekwale a takalmin jirgi ya fara ɗaurewa, irin ɗaurin nan nasa da ba ya riƙe ko akuya. Wilbert ya tsaya yana kallon ɗaurin. Can ya matsa ya karɓi igiyar, ya kwance, ya ɗaure da kyau da hannunsa.

Kafin mu shiga ya ce a ba shi rediyo. Ba lokacin hira ba ne, amma a sansani ba a kashewa. Doris ta amsa, ya ce ta kai wa Inna. Muka ji takunta har cikin tanti.

"Inna, ni ne."

"Na ji ka, ɗana. Hayaƙi ya sake ku?"

"Ya sake mu. Inna, akwai wasu mutane a tafki. Kwana goma sha biyu ne. In na sauko zan same ki a sansani?"

Rediyo ya yi ta shuuu. Na san duk kogin yana saurare, amma ko tari babu wanda ya yi. Sannan muryarta ta fito, ƙarama, a natse.

"Wataƙila, ɗana."

Gordon ya buga masa baya. "Ka ji ko? Ta ce wataƙila! Tsohuwar nan ai ƙarfe ce, za ta binne mu duka."

A cikin jirgi ina kusa da shi, gwiwarmu na gugar ganga. Muka hau sama da duwatsu. Sai ya matso kunnena saboda ƙarar inji ya ce, "Rosalie, ina take kallo?"

Na ce, "Ta rediyo ce, ɗan Kawu. Ina zan sani?"

Tambayar nan ita ya ɗauka ya sauko da ita kogi. Ban taɓa ganin ya tuƙa mutane kamar wannan karon ba. Yakan tashe su da wuri, ya rage hutun rana, wuraren da yakan tsaya ya nuna musu sawun dabba duk ya wuce. Amma baƙi sun biya kwana goma sha biyu ne, kuma hannunsu ba na kogi ba ne, ba sa sauri. Duk ƙarfe shida zai zauna da rediyo a cinya. In Doris ta ce Inna ta sha romo, sai ya ce mini, "Kogi take kallo." In ta ce tana barci, ba ya cewa komai.

Rana ta tara, ƙarfe shida, Doris ba ta jira an gaisa ba. Ta kira sunansa sau biyu, ta faɗa masa Inna ta rasu. Muna saman matsatsin duwatsu a lokacin, wuri mafi hatsari a kogin yana gabanmu. Da safe ya ratsa da mutum takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ko hular wani ba ta jiƙe ba. Da suka fita suka yi ta tafi suna ɗaukarsa hoto.

Daga Majira jirgi ya kai mu gari don jana'iza, an jira shi. Hanyar jirgin ta bi ta kan sansani. Ya manna goshi a taga. Ga rumfa, ga teburin yanka, ga gurbin babansa yana juyawa, babu hayaƙi. Minti ɗaya bai cika ba muka wuce.

Bayan an dawo daga maƙabarta, ana rabon miyar naman karibu, barewar ƙasarmu, a zauren gari, na ga ya ja Doris gefe. Na matsa, don ni ba na jin kunyar saurare.

"Ranar da na kira, ke kika riƙe mata rediyon?"

"Ni ce, Yaya."

"Da ta ce wataƙila, ina take kallo?"

Doris ta goge ido da bakin gyalenta. "Ba ƙasa take kallo ba. Ba ni take kallo ba kuma. Ta sa na ɗage mata ƙyallen tanti tun kwana uku kafin nan, ta ce iska take so. Kwanar kogin nan ta sama take kallo, inda kwalekwale ke ɓullowa."

Gordon ya zo jana'izar, ya yi kuka na gaske. Da ya ji yadda abin ya kasance daga bakin mutane, ya zo ya kama hannun Wilbert biyu ya ce, "Don Allah, me ya sa ba ka gaya mini ba? Da na soke tafiyar, wallahi da na soke." Na yarda da shi, da ya soke.

Wilbert ya ce, "Na gaya maka."

Gordon ya dube ni, ya dubi Doris, bai gane ba. Babu wanda ya yi masa bayani.

Ƙarshen Satumba ya dawo kwashe kwalekwalensa kafin kogi ya daskare. Muna bakin ruwa, ni da Wilbert, muna taya shi lodi. Doris ta riga ta ce ba za ta iya sansani ita kaɗai ba, ragar tana rataye a bayan ɗakin Wilbert, kuma dutsen da Kawu yake ɗaure ta babu sauran wanda ya san shi. Da aka gama, Gordon ya tsaya yana murza hularsa. A karon farko ya yi maganar a hankali.

"Baɗi fa? In ba ka so, ka faɗa mini kawai."

Na dubi takalmin Wilbert, don a nan na saba samun amsarsa. Shi kuwa bai sunkuya ba, bai kuma dubi kogi ba. Ya dubi Gordon cikin ido.

Ya ce, "I. Zan zo."

Gordon ya yi murna, ya ce shekara ashirin da biyu yana jiran ya ji wannan kalmar. Ni kuwa na juya na hau gaɓa da sauri, don ban so su ga fuskata ba.